'Yar Waye Amarya?

Ku yi min afuwa tun kafin na fara. Ni ba marubuciya ba ce, makaranciya ce kawai, irin waɗanda ke shigewa ɗaki da littafi da zarar sun ji muryar baƙi. Na sha fara labarin nan ina gogewa. Amma abin ya tsaya min a rai ya ƙi wucewa. In kun ci karo da kuskure ku ɗauke kai don Allah... na farko ne.

*

"To wai 'yar waye amaryar?"

Ma'aikaciyar ofishin rajistar aure ce ta jefo tambayar, tana kallonsu ta saman tabarau. Ta ajiye katin gayyatar biki a dama, takardar haihuwa a hagu, ta danne kowanne da yatsa.

Amarya Ketaki ta damƙe korayen awarwaron amarcin da ke hannunta don su daina ƙara.

"A kati an rubuta 'yar Dinkar Joshi. A takardar haihuwa da ta makaranta kuma 'yar Vasant Kulkarni. Mutum ɗaya uba biyu?"

Angonta Ninad ya gyara murya. "Ranki ya daɗe, abin da ya faru shi ne..."

"Dinkar ne ubanta!" Sulabha, mahaifiyar Ninad, ta kutso gaba tana gyara gefen sarinta. "Shi ya ba da ita a gaban wuta, duk garin Nashik an gani. Ga hotuna nan!"

"Uwa, hotuna na gani. An yi biki, an zagaya wuta, Guruji da ya ɗaura ya sa hannu, wannan duk ya cika. Amma gurbin sunan uba ɗaya ne a wurina. Ku je ku yo takardar rantsuwa, amarya ta faɗi da bakinta ko 'yar waye, ta sa hannu. Ku dawo da shaidunku uku kafin a tashi. Na gaba!"

Duk wannan rigimar daga gotra, wato tsatson dangi, ta samo asali.

Shekara biyu Ketaki da Ninad suna soyayya, tun ranar da ya ba ta lemarsa a tashar bas ya tafi gida a jiƙe, ya kwanta zazzaɓi. Sai da manya suka zauna Guruji, malamin addininsu, ya bi asalin gidajen biyu, aka tarar dukkansu gotrar Atri ne, wato wai tsatson wani bawan Allah guda da ya rayu tun kafin a san rubutu. An bi kakanni an bi, ba a ga inda jini ya haɗu ba. Doka ma ba ta hana ba, ita kusancin jini kawai take dubawa. Amma a wurin Sulabha wa da ƙanwa ne, magana ta ƙare.

Ninad ya daina cin abinci, ya rame ya fige. Da abin ya ishi kowa sai Guruji ya kawo mafitar da aka saba: a ba wa kawun yarinya ita, wan mahaifiyarta, tunda shi gotrarsa daban ce. Da kwakwa ɗaya da furanni da 'yan addu'o'i aka mayar da Ketaki 'yar Joshi. Sunansa aka buga a kati. Shi ya zauna a gaban wuta ya ɗora hannunta a kan na Ninad.

Shi kuwa mahaifinta Baba Vasant, tsohon malamin firamare, "ba komai" kawai ya ce. Ba da 'ya da hannunka shi ne ladan da kowane uba yake jira tsawon rayuwarsa, shi kuma 'yar ke nan guda. Matarsa ta rasu Ketaki tana shekara huɗu, ya ƙi ƙara aure. A wurin maƙwabciya ya koyi kitso, har 'yan ajinsu Ketaki suna yi mata dariyar jela a karkace. Amma ya ce ba komai, ya ɗauki bokitin miya ya shiga cikin masu rabon abinci.

Ketaki ta haɗiye wannan saboda so. Ta lallashi kanta da cewa biki kwana ɗaya ne, takardar gwamnati kuwa ta har abada ce. Tunda a al'adarmu mace na aure sunan miji ke maye gurbin na uba a tsakiyar sunanta, takardar auren nan ita ce ta ƙarshe a duniya da sunan Baba zai zauna kusa da nata.

*

A ƙarƙashin darbejiyar ƙofar ofis masu buga takardun rantsuwa suke zama, kowa da teburinsa da 'yar rumfar leda. Hadari ya fara haɗuwa. Sulabha ta ja kujera ta zauna gaban wani mai gashin baki kamar dama sun saba.

"Rubuta," ta ce. "Ni Ketaki na rantse cewa kawuna Dinkar Joshi ne ya ɗauke ni riƙo tun ina ƙarama, bayan rasuwar mahaifiyata, shi ya raine ni, shi ya..."

"Aayi!" Haka Ninad ke kiran mahaifiyarsa, haka Ketaki ma aka koya mata. "Me kika ce a rubuta?"

"Abin da kika ji. Uwarki ta mutu kina ƙarama, wa zai yi musu? Kowa zai ce ai daidai ne, namiji shi kaɗai ina zai iya da 'ya mace."

Ketaki ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Wato mutuwar uwarta ma ta zama abin amfani!

Kawu Dinkar yana gefe yana ɓarar gyaɗa, tumbinsa a gaba. "Ni dai duk yadda aka yi daidai ne. Ai 'yata ce..."

"Kawu, 'yarka ce? Wace makaranta na yi?"

"Ah... wannan ta kusa da... ta bayan kasuwa mana."

"Ko ranar bikin Diwali waya kake bugo mana! Sai da za a naɗa maka rawani a biki ka tuna hanyar gidanmu!"

"Kai, yarinyar nan! Vasant bai koya miki magana da manya ba?"

Ninad ya kamo hannunta ya ja ta bayan bishiya.

"Ketu... hasken idona, tsaya ki ji."

"Kar ka ƙara ce min hasken idonka! Ina idon naka yake ranar da baƙonku ya ce da Babana, kai mai miya, ƙaro nan?"

"Ban ji ba, na rantse miki..."

"Ni na ji! Ina zaune gaban wuta ina kuka, kowa yana cewa amarya na kukan barin gida!"

Ya runtse ido. "Ƙarshen wata zan tafi Jamus, kin sani. In babu takardar aure babu bizarki. So kike na tafi na bar ki? Ba zan iya ba, Ketu, ko kwana ɗaya. Takarda ce fa kawai! Mu mun san gaskiya, Baba ya sani, Ubangiji ya sani."

"In takarda ce kawai, me ya sa Aayi ta kasa haƙura da ita?"

Ya murza zoben hannunsa.

"Saboda Anagha," ya ce a hankali. Ƙanwarsa ke nan. "Masu neman aurenta mutanen garin Pune ne, bin diddigi gare su. Aayi ta gaya wa kowa ke 'yar Joshi ce. In suka ji gotrarmu ɗaya za su ce gidanmu ba a kiyaye addini, su fasa. Tun rasuwar mahaifinmu ita kaɗai take ɗauke da mu. Tsoro take ji, Ketu, ba mugunta ba ce."

"Ita kaɗai ta ɗauke ku, ka san darajar wannan. Shi fa? Wa ya taya shi ɗaukata?"

"Ketu..."

"Kuma rantsuwa ce, Ninad! Ƙarya a kan rantsuwa laifi ne, ni za a kama ba ita ba. Doka ba ta ce mu ɓoye komai ba. Ko da Baba ne ya ba da ni, aurenmu aure ne, na bincika. A banza kuka tura shi rabon miya! A banza!"

"Shayi ya zo, shayi ya zo!"

Baba ne. Tun fitowarsu daga ofis ya tsallaka titi, ga shi ya dawo da ƙananan kofuna a faranti, yana takawa a hankali kada su zube, farar hularsa ta ɗan karkace.

"Mai citta ne. Sulabha-bai, naki na ce a rage sukari."

Ba wanda ya miƙa hannu. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Kawu Dinkar ya raɗa masa magana a kunne. Baba ya ajiye farantin a kan tebur, ya daɗe yana gyara zaman kofunan da ba su buƙatar gyara.

"Ketu. Zo nan, 'yar Baba."

Ta zo, hawaye na bin kumatunta.

"Sa musu hannu."

"Baba!"

"Sa mana. Suna ne fa. Ni ina zan kai suna? Yaran makaranta sun kira shi har na gaji da ji."

"Har da kai, Baba? Kai ka yi min kitso! Kai ka kwana a kujerar asibiti lokacin da na yi taifot, har bayanka ya riƙe! Ka ce na ɗaga hannu na rantse wani ne?"

Ya yi murmushin nan nasa mai ƙona mata rai. "Ai ba don a rubuta na yi ba."

"To ni so nake a rubuta!"

Masu jiran layi suka fara waiwayowa. Ketaki ba ta damu ba. Ta juya ta fuskanci mijinta.

"Ninad, ina son ka, ka fi kowa sani. Na yarda aka ajiye Babana a bayan rumfa saboda kai. Amma in sai na binne shi da ransa a takarda zan bi ka Jamus, ka tafi kai kaɗai. Sunan Vasant Kulkarni zan rubuta, ko kuma ba zan rubuta komai ba!"

Sulabha ta miƙe tsaye tana tafa hannu.

"Kun ji ko? Kun ga tarbiyyar namiji? Ko lallen hannunta bai goge ba tana ɗaga murya a titi! To buɗe kunnenki, yarinya. Kina rubuta sunan Kulkarni kin shaida wa gwamnati ɗana ya auri ƙanwarsa. Ni ba zan sa hannu a wannan abin kunyar ba, kuma ƙafarki ba za ta sake taka gidana ba!"

"Sulabha-bai, don girman Ubangiji..." Baba ya haɗa tafukan hannunsa. "Yarinya ce, ba ta san me take faɗa ba. Laifina ne, ni na sangarta ta. Kada ki rushe mata gida."

"Ka gaya mata, ba ni ba."

Sai Baba ya kai hannu ya cire hularsa.

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san abin da ake nufi in dattijo ya ajiye hularsa a ƙafar wani. Ya zubar da mutuncinsa ke nan gaba ɗaya, bai rage ko ƙwaya ba. Furfurarsa ta bayyana, iska na kaɗa ta. Ya fara sunkuyawa, gwiwoyinsa na ƙara, hular na dosar taɓon da ke gaban takalmin Sulabha.



Hular ba ta kai ƙasa ba. Ninad ne ya tare ta da hannu biyu.

"A'a, Baba. A'a!"

Ya ɗago shi, ya mayar masa da hular kansa, ya daidaita ta. Sannan shi ya durƙusa a cikin taɓon, da sabon wandonsa, ya taɓa ƙafafun Baba. Ya daɗe a haka, kafaɗunsa na girgiza.

"Ka yafe min. Ranar biki ya kamata na yi wannan."

"Tashi, ɗana, tashi... mutane na kallo."

"Su kalla."

Ya miƙe ya nufi mai gashin baki. "Ɗan'uwa, yage waccan takardar. Sa sabuwa." Ya waiwayo, idonsa jawur. "Ketu, zo ki faɗa masa da bakinki."

"Ninad!" Muryar Sulabha ta tsage. "Ni na haife ka!"

"Ke kika haife ni, Aayi, ke kika raine ni, ba wanda ya taya ki. In yau wani ya ce na rantse ba ke ba ce, ya kike so na yi?"

Ketaki ta ga wani abu ya gilma a idon matar, har ta sa ran za ta sauko. Amma sai ta ja gefen sarinta ta rufe kai, ta ɗaga wa mai keke mai ƙafa uku hannu.

"Kada ku zo min gida," ta ce ba tare da ta waiwayo ba.

Keken ya tafi. Ruwa ya sauko.

Suka cure a ƙarƙashin rumfar leda. Ketaki ta faɗa, mai gashin baki ya buga: ita 'yar Vasant Kulkarni ce, shi ya haife ta, shi ya raine ta, kawunta a wurin biki kawai ya tsaya mata bisa al'ada. Ta sa hannu, aka buga hatimi.

"To," Kawu Dinkar ya ɗauki kofin shayi, na Sulabha ma ya ɗauka. "Ni dama ubancin nan ya yi min nauyi, ko sunan makarantarta ban sani ba. Amma fa shaidu uku aka ce. Ni, Vasant... na ukun ta hau keke."

Ninad ya dubi wayarsa, ya dubi Ketaki. "Mutum ɗaya ce ta rage da ta ga bikin kuma take kusa. Amma ba ni da fuskar roƙonta."

"Kira ta ka gaya mata gaskiya duka," Ketaki ta ce. "In ta ƙi, ba zan riƙe ta a raina ba."

Ana ta rufe tagogin ofis ɗaya bayan ɗaya sai ga Anagha a kan ƙaramin babur ɗinta, ta jiƙe sharkaf, gashi ya manne mata a fuska.

"Wai duk saboda ni ake wannan tashin hankalin, ni kuma ba wanda ya tambaye ni?" Ta cire hular kwano ta dangwara wa yayanta a ƙirji. "Riƙe nan, Yaya, kai da ka iya kuka a titi. Wandonka kamar ka fito daga gona!"

"Aayi fa?"

"Tana gida tana buga tukwane. Yau dai kada ku zo. Gobe ma... ban sani ba, gaskiya."

Ketaki ta riƙo hannunta. "Anagha, mutanen Pune fa? In suka fasa?"

Anagha ta kau da kai. Yaron da ke neman nata ya kwanta mata a rai, kowa a gidan ya sani.

"In wannan zai kore su, gara su tafi tun yanzu." Muryarta ta ɗan karye, ta yi maza ta share fuska. "Ruwa ne, kar ki kalle ni haka. Mu je kafin na canza ra'ayi!"

Ma'aikaciyar ta riga ta fara haɗa jakarta. Ta karanta takardar rantsuwar, ta gyaɗa kai, ta buɗe babban littafi. Ango ya sa hannu, amarya ta sa. Kawu Dinkar ya rubuta kawu. Anagha ta rubuta ƙanwar ango.

"Kai fa, dattijo? Me kake ga amarya?"

Baba ya riƙe alƙalami. Sai ya waiwaya ya dubi Dinkar, kamar mai neman izini. Ketaki ta ji zuciyarta ta tsinke. Har a nan ma!

"Ni..." ya ce ƙasa-ƙasa. "Ni ne..."

"Ɗaga murya, ruwa na dukan kwano ba na ji."

"Faɗa mata, Baba," Ketaki ta ce cikin kuka. "Faɗa da ƙarfi!"

Ya miƙe ƙirji, irin tsayuwar da yake yi a gaban allo.

"Ni ne ubanta!"

Har masinjan da ke rufe taga sai da ya juyo. Baba ya sunkuya ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa na malamai, harafi bayan harafi, bai yi gaggawa ba, ita ma ma'aikaciyar ba ta ce ya yi sauri ba. Da ya gama ya ajiye alƙalamin, ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Kukan da bai yi ba ranar biki ya ƙwace masa.

Ketaki ta faɗa jikinsa. "Babana... Babana..."

A baranda Ninad ya kira lambar mahaifiyarsa. Ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake, aka kashe wayar gaba ɗaya. Ya tsaya yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo.

Baba ya dafa kafaɗarsa. "Uwa ce. Ka kira gobe, ka kira jibi, kada ka gaji. Yau dai ku zo gida. Ɗakin Ketu yana nan, sai dai gadon na mutum ɗaya ne."

"Zan kwana a ƙasa, Baba."

"A ƙasa kuwa za ka kwana," Ketaki ta ce tana jan hanci. "Ban gama fushi da kai ba."

Amma hannunta ya riga ya lalubo nasa, ta sarƙe yatsunta a ciki ta riƙe gam.

Ni kuwa mai ba ku labarin nan, da na raɓe a bayan ginshiƙi ina share nawa hawayen, na ga Anagha na shirin waiwayowa. Sai na rungume takalmina a ƙirji, na bi ta gefen masu jiran ruwa ya tsagaita, na sulale abina.